Reshen da Na Datse

Ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya tako gidana da ƙafarsa ba. Har yau in na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Baba, surukin nawa, yana da lambu a Rogo, kuma a duk yankin shi kaɗai na sani da bishiyar fomelo, wani ƙaton lemo mai kaurin ɓawo da ya fi garehul girma. Iri biyu gare shi, mai farar tsoka da mai ja. Bayan na auri 'yarsa Rabi, ya ce in zaɓi ɗaya in dasa a gidana na Karaye. Na zaɓi jan, don ya fi zaƙi, duk da bishiyarsa ɗaya ce tak a lambun. Da hannunsa ya yi auren dashen a can lambunsa, ya yanko idon reshe daga jan ya ɗaura a kan gindin lemun tsami. Ya shiga yi mini bayani, ina ta gyaɗa kai, ko kalma ɗaya ban riƙe ba. (Malamin aikin gona ne ni a sakandare fa. Wa zai koya mini?)

Da damina ta kankama, dashen ya yi rassa biyu. Na ƙasa kore shar, sai tsawo yake yi. Na sama kuwa ɗan tsamurarre, a karkace. Na wasa wuƙata.

Rabi ta ce, "Malam, anya kuwa? Da ka tambayi Baba."

Na ce mata ragon reshe ba abin da yake yi sai cinye abincin ɗan'uwansa. Na datse shi.

Shekara uku ina ban ruwa, ina zuba taki. Duk baƙon da ya zo sai na ja shi ya gani, har alƙawarin 'ya'yan farko na yi wa abokan aikina. Yawan ƙayar da bishiyar ta yi kuwa, cewa na yi alamar lafiya ce.

Ana nan sai ruwa ya kwanta a lambun Baba, jan fomelonsa ya bushe. Shi ne ya hau mota ya zo, mutumin da kunya ba ta taɓa barinsa ya shiga gidan 'yarsa ba, don ya yanki ido a tawa ya farfaɗo da irin. Bayan mun gaisa na kai shi gindin bishiyar ina hura hanci. Ya tsinki ganye ya murza, ya shinshina. Ya tsuguna ya shafa tsohon tabon wuƙata.

"Malam, ina reshen da na ɗaura?"

Na ji taɓaryar Rabi da ke daka ta tsaya cak.

"Allah Sarki," in ji shi a hankali. "Wannan ai lemun tsami ne. Amma ka yi ƙoƙari, ya sha ruwa."

Ya naɗe wuƙarsa ya mayar aljihu. Ya ce wanda ya ba shi irin ya daɗe da rasuwa. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Darasin auren bishiya har yau ina koyar da shi a allo, sai dai yanzu da ƙaramar murya. Na gane cewa kafin mutum ya yanke abin da ya raina, gara ya tambayi wanda ya ɗaura shi. Ni ban tambaya ba, kuma jan fomelon Baba a hannuna ya ƙare.