Ranar da Teku Ya Karɓi Rigar Babana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran labarai, da wata safiyar Asabar ta watan Agusta a Kwatano. Ni malamin firamare ne a Rurum, nan ƙasar Rano. Na fi shekara goma ina zana wa yara teku a allo, in ja wani layi mai lanƙwashe-lanƙwashe in ce, "Wannan ita ce igiyar ruwa," su maimaita da ƙarfi. Ban taɓa ganin tekun ba. Amma a bakin dam ɗin Tiga na girma, kuma a lissafina ruwa ai ruwa ne, sai dai wani ya fi wani yawa.

Auren ƙanina Sabi'u ne ya kai ni. Yana tuƙo motoci daga Kwatano zuwa Kano, a can ya ga yarinya a zangon Hausawa, suka daidaita. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, don haka ni zan karɓar masa aure. Ranar tafiya Inna ta buɗe akwatinta ta fito da babbar rigar marigayi, fara, mai aikin hannu, wadda ba ya sawa sai sallah da ɗaurin aure. Rigar kaɗai Inna ta riƙe lokacin rabon gado. Ta miƙo mini da hannu biyu.

"Ita za ka sa ka karɓi auren nan," in ji ta. "Bai ga auren autansa ba, to rigarsa ta gani. Ka dawo mini da ita yadda na ba ka."

Na ce, "Haba Inna, sai ka ce yaro?" (Shekarata arba'in da uku a lokacin, da 'ya'ya biyar.)

Mun baro gida cikin marka, gero ya kai kafaɗa, kullum sama a haɗe. Na yi guzurin lema da rigar ruwa, domin ni da bakina nake koya wa yara cewa a bakin teku ruwan sama ba ya ɗaukewa. Muka isa Kwatano ranar Juma'a da la'asar, ko yayyafi babu. Sai gajimare mai toka-toka da wata iska mai sanyi da ɗanɗanon gishiri. Mahaifin amarya, Alhaji Mamman, ɗan siririn dattijo gajere mai yawan murmushi, ya ce haka watan yake a wurinsu: sama takan ɗan huta musu a Agusta.

Tun shigarmu unguwar nake jin wani ruri daga nesa, yana zuwa yana komawa. Da safe bayan mun karya, na riga na sha ado cikin rigar marigayi, na kasa haƙuri.

"Alhaji, wane kamfani ne nan kusa da ba ya kashe inji?"

Ya yi dariya har da riƙe gemu. "Teku ne, Malam. Sai ƙarfe sha ɗaya za a ɗaura, taso mu je ka gaisa da shi."

Jama'a, gani ya kori ji. Muka bi ta cikin bishiyoyin kwakwa, muka hau wani tudun yashi, kawai sai ƙasa ta ƙare. Wallahi ƙarewa ta yi. A Tiga duk faɗin ruwan in ka ƙura ido za ka hango tudu ko bishiya a ɗaya gefen, ka san akwai mutane can suna dafa tuwonsu. Nan babu ɗaya gefen. Ruwa ne ya tafi har ya haɗe da sama, ba ka gane inda wannan ya tsaya wancan ya fara. Can nesa ga manyan jirage a jere, kowanne ya fi makarantarmu girma, amma sai ka ce ƙwayar gero a faranti. Igiyar kuwa ba ta da wata alaƙa da layin da nake ja a allo. Takan taso ta miƙe ta fi tsayin mutum, ta yi kore, ta naɗe kanta, ta faɗo da ƙarar da nake ji a ƙirjina. Kafin kumfar ta gama bajewa wata ta taso. Ba mai tura ta, ba mai tsayar da ita. Na tsaya bakina ba abin da yake fita sai "Subhanallah." Hawaye suka zubo mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoyewa ba. Tun ina yaro nake faɗin Allahu Akbar, amma ranar na ji nauyinta daban.

Da na tsaya a nan, da labarin ya yi kyau.

Sai zuciya ta ce mini: ka zo har nan ka koma ba ka taɓa shi ba? Me za ka gaya wa yara? Na ce wa Alhaji zan ɗan yi alwala da shi don tabarruki. Na tuɓe babbar rigar don kada ta jiƙe, na ninke ta tsaf, na ajiye a kan yashi, na ɗora hula, na danne da takalma. Haka muke yi a bakin dam tun muna yara, kuma ka dawo ka tarar da kayanka inda ka bar su.

"Malam, ɗauke ta daga nan," in ji Alhaji. "Kawo in riƙe, ko ka kai ta gindin kwakwa. Watan nan sama ce take hutawa, teku kuwa a cikinsa ya fi faɗa. Kada ka wuce inda kumfa ke tsayawa."

Ni kuwa kunya ta hana ni ɗora wa suruki kaya, girman kai kuma ya hana ni jin magana. Na duba tsakanin rigar da ruwa, ya kai taku ashirin.

"Alhaji, kwantar da hankalinka. A ruwa aka haife mu. A Tiga taku uku muke bari."

Wayarsa ta yi ƙara, masu goro ne, ya juya baya yana amsawa.

Na naɗe wando na shiga. Ruwan sanyi ƙalau, iya idon sawu. Na sunkuya na ɗebo, na kurkure baki, na furzar (gishirin ya fi na miyar amaryar da ba ta iya girki ba). Na wanke fuska. Ina cikin wanke hannun dama na ji yashin da nake tsaye a kai yana gudu daga ƙarƙashin ƙafata. Na ɗago kai, sai na ga bangon ruwa a kaina.

Ban san sau nawa na juya ba. Na dai san na ga sama, na ga yashi, na sake ganin sama, kuma na sha ruwan da ya ishe ni har ƙarshen rayuwa. Wasu masunta da ke jan koma, ragar nan ta kamun kifi, suka ruga suka cafko ni, ɗaya ta wuyan 'yar ciki, ɗaya ta ƙafa, suka watsar a tudu kamar buhun takin zamani. Ina tari ina amai, matan da ke jiran kifi suka kewaye ni suna magana da yarensu. Ba sai an fassara mini ba.

Sannan na tuna. Na waiwaya inda na ajiye kaya. Yashi sumul, kamar an share. Alhaji ya nuna da yatsa. Can bayan igiya ta uku ga rigar mahaifina ta buɗe a kan ruwa, hannuwanta a shimfiɗe, tana hawa tana sauka. Na yunƙura zan bi ta, wani masunci ya danne kafaɗata da hannu ɗaya ya girgiza kai. Muna kallo ta zama ɗigo, ɗigon ma ya ɓace. Na zauna a yashi na rusa kuka kamar ranar jana'iza.

Saura rabin awa. Kayana na tafiya an jiƙa su a wanki. Alhaji ya ba ni kaftaninsa mafi girma, ya tsaya mini a gwiwa, hannun a gwiwar hannu, wandon kuwa a tsakiyar ƙwauri. Labari ya riga mu isa masallaci. Da liman ya ce, "Ina wakilin ango?" na miƙe, ɗinkin hammata ya ce ɓarrr, kuma daidai lokacin ruwan da ya maƙale a hancina ya zubo a kan tabarma. Wani daga baya ya ce, "Shi ne na Tigan?" Sahu uku suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Sabi'u ya rufe fuska da hula. Haka na karɓi auren, kunnuwa cike da yashi.

Dariyar ba ita ta dame ni ba. Duk tsawon hanyar dawowa ina shirya abin da zan gaya wa Inna, ban samu ba. Na durƙusa a ƙofar ɗakinta na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, har maganar taku uku. Ta juya ta kalli akwatin.

"Da gaske ba a ganin ƙarshensa?" ta tambaya.

Na ce, "Wallahi Inna, ba a gani."

Ta goge ido da bakin mayafi. "Da kai ya tafi da shi ya bar rigar, wa zan sa wa? Tashi ka ci abinci." Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Amma wanda zai yi maka rakiya in za ka sake tafiya, ni zan zaɓa."

Tun daga ranar na koyi cewa in ɗan gari ya ce ka ɗauke kayanka, ka ɗauke tukuna, ka ba shi tarihin garinku daga baya. An ce iya ruwa fid da kai. Ni ko kan nawa ma, masunta ne suka fid da shi.