Hular Baba a Motar Ya'u

A garinmu Gangaren Kuka, in ka tambayi Gidan Direba ko yaro ɗan yaye zai nuna maka. Mai gidan ya daɗe da rasuwa, ya bar matarsa Inna Delu da 'ya'ya maza biyu, Haladu da ƙanensa Nomau. Haladu ya gaji sitiyari da zafin rai. Nomau kuwa, Allah sarki, magidanci ne da gemunsa da matarsa Kande da 'ya'yansa, amma magana yadda ka miƙa masa ita haka yake riƙe ta, ba ƙari ba ragi. In ka ce ya jira ka a bakin rijiya ka manta, to can za ka same shi gobe.

Abin alfaharin gidan kambu ne, yana rataye a zaure. Duk shekara bayan an kawar da amfanin gona ana tseren mota a faƙon bayan gari tsakaninmu da maƙwabtanmu na Dutsen Ɓauna, direban da ya zo na ɗaya shi ke tafiya da kambun gidansu. Tun zamanin marigayi kambun nan bai taɓa kwana a wani gida ba. Haladu ke kare shi da tsohuwar motar ubansu, Aradu, wadda in ta tashi sai kaji sun watse, kuma ba ya shiga tsere sai da jar darar Baba a kansa. Ni nake sayar masa da fetur a galan, saboda haka kada wani ya tambaye ni ɓangaren da nake.

Ana nan sai Ya'u ya dawo daga birni. Ya'un nan fa yaron motar marigayi ne, mai wanke taya, wanda muka sani da tsumma a kafaɗa. Wai ya koyo haɗa mota mai caji. Ya shigo gari da wata 'yar aba, ba hayaƙi ba ƙara, sai dai ka ga ta wuce ka kamar kyanwa. Aka sa mata Bebiya, gari ya bi ta ɗuu, har da dattawan da ya kamata su san ciwon kansu. Ya'u ya zo har zaure ya durƙusa.

"Yaya Haladu, ni haɗawa na iya, tuƙin tsere sai ku. Bana mutanen Dutsen Ɓauna sun sayo sabuwar mota, Aradu ba za ta kamo ta ba. Ka ja Bebiya."

"Ni? In ja tocila mai taya?" in ji Haladu. Ya nuna masa ƙofa.

Amsar ta yi mini daɗi ƙwarai. Sai dai tun daga ranar Haladu ya canja. Ƙyashi ne ya kama shi, ƙyashin yaron gidansu, kuma ni ma ba a bar ni a baya ba.

Wata rana Haladu ya ja Nomau gefe ya ce, "Je ka wajen motar can ka yini. Duk abin da ka gani ka zo ka faɗa mini, kada ka rage komai." Nomau ya je ya yi sallama, ya ce wa Ya'u, "Yaya ne ya aiko ni in ga komai." Ya'u ya ba shi kujera da fura. Da yamma Nomau ya iske Haladu a teburin mai shayi, cikin jama'a, yana cika baki cewa shi Bebiya ko kallo ba ta ishe shi ba. Nomau ya gyara tsayuwa ya fara: ya ga taya huɗu, ya ga limamin gari ya shiga an zaga da shi, ya ga ta tashi kamar an harba gwafa. "Na kuma ga wani mutum ya laɓe bayan darni yana leƙe tun azahar har la'asar. Rigarsa irin taka ce, Yaya. Da ya juyo, ashe fuskar ma taka ce." Mai shayi ya ƙware da dariya har ya zubar da madara.

Wata rana kuma Haladu ya tambaye shi, "Wai ita me take sha?" Nomau ya ce, "Rana. Akwai wasu baƙaƙen faranti a kan rufin ɗakin Ya'u, an jawo igiya daga can an soka mata a ciki." Haladu ya yi tsaki ya ce cikin gatse, "Madalla! Sai kai ma ka je ka yi wa Aradu haka mu huta." Ya tafi kasuwa abinsa. Kafin ya dawo Nomau ya tsiyaye fetur ɗin Aradu kaf a kwata, ya kwashe farantan tuwon Kande ya shafa musu baƙin tukunya, ya jera a kan rufin motar, ya ɗauro igiyar guga ya zura a tanki. Ya turo motar tsakiyar rana ya zauna yana gadi, gumi na zuba. Da Haladu ya ɗora hannu a ka yana salati, Nomau ya ce, "Yi a hankali, Yaya, ba ta ƙoshi ba tukuna." Ranar a murfin tukunya aka ci tuwo a gidan. Ni dai na yi ciniki, ban ga laifin kowa ba.

Wata rana, damina na bankwana, ƙyashin ya kai Haladu inda bai kamata ba. Ya ce, "Tunda rana take sha, sai ta kwana da yunwa. Ka kwashi tabarmi, ka bari sai babu kowa a wurin, ka lulluɓe farantan nan ruf." Nomau ya yi ta sintiri da tabarmin Inna a ka, amma ƙofar Ya'u ba ta rabuwa da 'yan kallo, shi kuwa an ce masa sai babu kowa. Sai ranar da hadari ya haɗu baƙi ƙirin, kowa ya ruga gida. Nomau ya ce yawwa, ya hau ya shimfiɗa tabarmi ya danne da duwatsu. Saukowarsa ke da wuya aka kece da ƙanƙara, irin wadda ta fasa gilashin Aradu ta kashe wa mutane zabi. Farantan Ya'u ko ƙwarzane. Washegari ga Ya'u da zakara da ƙwaryar goro, wai godiya yake wa Yaya Haladu da ya tuna da shi. Inna ta karɓa tana sa albarka. Haladu ya ci naman zakaran nan kamar yana tauna tsakuwa.

Wata rana, ita ce ranar tsere, gari ya tashi da labari mai daɗi da marar daɗi. Mai daɗin, a wurina, jiya Ya'u ya gwada tuƙin gudu ya je ya rungumi rumbun mutane, har ya ce ya fasa shiga. Marar daɗin, motar Dutsen Ɓauna ta iso, kowa ya gan ta ya san kambu ya yi sallama da Gidan Direba. Haladu ma ya sani, amma baki bai mutu ba. Yana wanka ya ɗaga murya don abokansa na zaure su ji: "Nomau! Ɗauki hular Baba ka ajiye mini a kujerar motar da za ta ɗauko kambu yau!"

Nomau ya ɗauki jar dara da hannu bibbiyu. Ya wuce Aradu a ƙofar gida ko waiwaye bai yi ba. Ya ratsa gari, yara na biye, har faƙo inda Ya'u ya ajiye Bebiya don 'yan kallo, ya buɗe ƙofa ya ɗora hular a kujerar direba. Ya'u ya ga hular maigidansa a cikin motar da ya haɗa da hannunsa, sai hawaye. Maroƙi bai jira bayani ba ya kwarara: "Haladu ya amince! Ɗan Direba zai ja Bebiya!" Mata suka ɗauki guɗa.

Can sai ga Aradu tana aman hayaƙi, Haladu ya diro kai ba hula, ido jajur, ya zo ƙwatar kayansa. Inna Delu ta riga shi, ta dafa Nomau tana cewa, "Ka gaya wa yayan nan naka Allah ya yi masa albarka. Yau ya yi abin da ubanku zai yi." Haladu ya sunkuya cikin motar don ya ɗauki hular. Ya dubi Inna, ya dubi motar Dutsen Ɓauna tana sheƙi, ya dubi Aradu da fasasshen gilashi. Ya daɗe a sunkuye. Sai muka ga ya sa hular, ya zauna, ya ja ƙofa.

Ba zan ba ku labarin tseren ba, don raina bai so. Abin da na sani, mun ji kukan motar Dutsen Ɓauna tun daga nesa, amma Bebiya muka fara gani. Galan-galan ɗina haka na mayar da su gida cike, ina jin ana ta kirarin tocila mai taya.

Da la'asar na biya ta zauren. Haladu ya mayar da kambu ƙusarsa, yana zaune yana juya hular a hannu. Bai yi fara'a ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya dubi ƙanensa.

"Kai, wa ya gaya maka ita za ta ci?"

"Kai ne, Yaya," in ji Nomau. "Tun da ta zo garin nan ita kaɗai kake kallo. Aradu ko sau ɗaya ba ka ƙara duban ta ba."