Lambar Yabon Saje Korau

Wani mutum ne a Unguwar Majema ana ce masa Korau, amma in ba ka ce Saje Korau ba, ko waiwayowa ba zai yi ba. Bariki kuwa, ko inuwar katangarsa bai taɓa sha ba. Gwanjo ya je sayarwa kudu lokacin yaƙi, ya dawo da ɗingishi da labarai buhu-buhu.

Duk labarinsa a kan Janar Maiwada Ɗankaka yake sauka, kwamandan nan da ya ƙwato gari bakwai, wanda ƙirjinsa ba masaka tsinke don lambobin yabo.

"Ni da Maiwada? Kwano ɗaya muke ci," in ji Korau. "Ranar da igwa ta tashi gada, dam, ni na goya shi na haye kogi. Harsashi na wuce kunnena, fiu, fiu, shi kuwa sai cewa yake, Korau, kada ka sake ni."

Ana nan sai unguwa ta kafa 'yan sintiri, aka ce wanda ya zama shugaba sabon babur za a ba shi. Korau ya ga babur, yawunsa ya tsinke.

Mai unguwa ya ce, "Saje, baki mun ji. Hujja jama'a ke so."

Gogan naka ya garzaya wurin 'yan gwangwan, ya tono wata lambar tagulla mai hoton kurciya. Ya dirje ta da toka da lemun tsami har tana ɗaukar ido, ya maƙala a ƙirji.

Jama'a suka ga lamba, suka gamsu. Ranar naɗinsa aka jera bencina, ga babur an ɗaura masa ƙyalle. Sai wata mota ta tsaya, wani tsoho ya fito yana dogara sanda.

"Albishirinka, Saje," in ji mai unguwa. "Abokinka Janar muka gayyato ya miƙa maka makulli."

Korau ya ja da baya. Ya saci kallon lungu, ya ga mata sun toshe shi. Ba yadda ya iya, ya ƙame, ya buga ƙasa, tim. Da ƙafar ɗingishin ma ya buga, ya manta.

"Ranka ya daɗe, ga wanda ya goya ka," in ji mai unguwa.

Janar bai kalli fuskarsa ba. Lambar ya ƙura wa ido. Can ya ce, "Wannan fa, daga ina?"

"Daga hannunka mana, Oga. Har ka manta? Da kanka ka maƙala mini, ka ce duk bataliya ba wanda ya kai ni cancanta."

"Lalle da hannuna na raba su," in ji Janar. "Arba'in da biyu na sa maƙeri ya yi bayan yaƙi. Matan yarana da suka mutu a gadar nan na ba wa, kowacce a ranar da ta fita takaba."

Jama'a duk suka juyo suna kallon ƙirjin Korau.

Janar ya ɗan rusuna, ya sassauta murya. "Baiwar Allah, ya haƙuri? Wane ne mijin naki a cikinsu?"

Babur dai Tanimu mai faci ne ya hau shi. Korau kuwa har yau in ya gifta majalisa, sai ka ji an ce, "Gwaggo Korau, har yanzu ba a sami wani mijin ba?"