Rasuwar Mai Aiken Ranar Litinin

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kunya kuma a kai, ni Desmond Prowse, mai gidan mai da shagon abinci na mararrabar Mulga, ina sanar da direbobin manyan motoci da makiyayan yankinmu rasuwar abokiyar zamana, na'urar faks mai aika takarda ta layin waya, wadda ta cika ranar Litinin tana da shekara ashirin da shida.

Marigayiya aikinta ɗaya ne. Kowace Litinin da safe takan haɗiye takardar sanyin firji da tsabtar ruwan tanki, ta yi "ƙiiii, tsit, tsit", ta kai ta ofishin ƙaramar hukuma, kilomita ɗari uku daga nan. Zafi ya narkar da maɓallanta biyu, gizo-gizo ya yi iyali a cikinta, amma ba ta taɓa fashi ba. Ni kuwa ko sannu ban taɓa ce mata ba, kullum zagi.

Bayan awa ɗaya takan amayo takardar da hatimi, a ƙasa kuma da rubutun Lorraine Kettle, akawun ofishin: "Des, lambar bakwai ɗinka kamar ɗaya. Ka sayi tabarau mana, tsoho." Tun da matata ta rasu, babu mai yi mini faɗa sai Lorraine.

Shekara huɗu da suka wuce na faɗo daga kan tanki ranar Lahadi, ƙuguna ya karye. Ruwa ya cinye hanya, ko mota ɗaya ba ta wuce ba. Litinin takarda ba ta je ba. Lorraine ta buga waya, ba a ɗauka ba, kafin rana ta yi tsaka jirgin likitan da ta turo ya sauka bayan shago. Da ta zo duba ni asibiti cewa ta yi, "Kada ka ji daɗi, takardata nake nema."

Ciwon ajalin marigayiya ya faro bara, da gwamnati ta kafa kwamitin rage wa 'yan kasuwa wahalar takardu. Suka tambaya wace takarda ce ta fi damunmu. Kaico! Ni da hannuna na cika shafi uku ina kuka da takardar Litinin, kuma marigayiya, baiwar Allah, ita ta aika musu. Suka soke takardar, har da turo mini wasiƙar godiya. Teburin Lorraine ya zama ba aiki, ta yi ritaya, ta koma wurin 'yarta a Toowoomba.

Litinin ɗin nan, don sabo, na sa mata farar takarda. Ta yi "ƙii" sau ɗaya, fitilarta ta mutu.

Ta bar naɗin takarda biyu da ba a taɓa ba, da kare mai suna Biskit wanda yakan kwanta a ƙarƙashinta, da ni, ɗan shekara saba'in da ɗaya, wanda har gobe shi ke hawa tanki. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba.

Za a binne ta ranar Asabar da hantsi, a gindin tankin, daidai inda na faɗi. Akwai gasasshen nama da abin sha mai sanyi. Kada kowa ya kawo fure. Mai son yi wa marigayiya alheri ya bugo mini waya ranar Litinin da safe. In ban ɗauka ba, don Allah kada ya ce sai mako mai zuwa.