Ranar da Na Zazzage Jakar Haruna

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da kakar riɗin da aka naɗa ni wakili a wata gona a Gedambaliya ba. Ni da ko awaki ban taɓa shugabanta ba, sai ga ni da ma'aikata kusan ashirin. Na sayi sabon rawani, na koyi tafiya da hannu a baya (Allah ya yafe mana).

Riɗi ba ya jiran kowa, in ya nuna ba a yanke ba sai ya fashe ya zube. Don haka idona ya tsaya a kan Haruna, wani magidanci daga Hawata. Tafiyarsa kamar an ɗaure masa ƙafafu, hannunsa yana rawa, bakinsa kullum a bushe. Rana na yin zafi sai ya nemi inuwa ya hau gyangyaɗi. Wata safiya na hango shi a bayan rumfa yana jefa wani abu a baki. Na ce alhamdu lillahi, na kama ɗan ƙwaya.

Da ina da hankali, da na ja shi gefe. Amma me ye amfanin rawani in ba a gan shi ba? Na jira aka zauna cin fatur, wato karin kumallo, kowa ya sa hannu a akushi, na ɗauko jakarsa na zazzage a tsakiya, ƙwayoyi suka watsu a ƙasa. Har wa'azi na yi a kan masu lalata rayuwarsu.

Haruna bai ɗaga murya ba. Ya tsince ƙwayoyin daga ƙasa, ya miƙo min katin asibiti. Ya ce shekarun baya yakan ji muryoyin da ba wanda ke ji, har aka ɗaure shi a ɗaki. Wannan maganin ne ya kwantar da su. Barcin da rawar hannun duk aikin maganin ne. Likita ya gargaɗe shi da zafin rana, ya ce ya yawaita shan ruwa, kuma kada ya kuskura ya daina sha da kansa ko da ya ji garau.

"Ya wakil," ya ce, "a Hawata kowa ya san ni da majnun, mahaukaci. Na zo nan ne don a kira ni Haruna. Khalas, shi ke nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi ta ba shi haƙuri, ma'alesh, ma'alesh, ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake. Amma magana zarar bunu ce. Washegari na ga an bar masa akushi shi kaɗai, wanda ke yanka kusa da shi ya koma can gefe yana satar kallon laujen Haruna. Na tara ma'aikatan na yi bayani, ba wanda ya saurara. Wa'azina na farko ya fi shiga.

A rana ta uku ya naɗe tabarmarsa ya hau lori. Abin ya yi min ciwo, har yau yana yi.

Na koyi tambaya kafin hukunci, i. Sai dai ni na yi karatun, Haruna ne ya sha bulalar.