Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da keke ya kayar da ni alhali ko taku ɗaya bai motsa ba.

Lokacin ina saurayi, ban daɗe da samun aiki a ma'aikatar siminti ta Malbaza ba, ga sabon keke, ga girman kai da ya fi keken tsada. Sai aka yi shela cewa za a yi tseren keke a garin Tawa, kuma mutum uku kacal za a ɗauka daga yankinmu. Kafin a ɗauki mutum sai ya je asibitin Ƙonni ya hau wani keke na cikin ɗaki, a auna numfashinsa da bugun zuciyarsa. Ni kuwa tun ba a auna ni ba na gama gaya wa duk Malbaza cewa ɗaya daga cikin ukun ni ne, sauran biyun ake nema.

Da na ji keken gwajin a ɗaki yake, na ce ai ni ma ina da ɗaki. Na samo bulo biyu na ɗora keken a kai, tayar baya tana lilo a sama. Da asuba in tuƙa, in dawo daga aiki in tuƙa, bayan la'asar in fita hanyar Dogarawa in dawo in sake hawa bulo. (Tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta da nauyi ko kaɗan, shi ya sa nake jin duk duniya ba mai kamo ni.) Sati uku ban huta ko yini ɗaya ba.

A sati na biyu tuwo ya daina shiga. Barci ya ƙaurace, ƙafafuna suka yi nauyi, abu kaɗan sai in hau faɗa. Inna, mahaifiyata, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ina zufa.

"Wai ina za ka, ɗan nan? Tun sahe kake tahiya, ga ka nan inda na bar ka."

"Inna, ba ki gane ba, shiri nika yi."

"Jakinmu ma ana sauke mishi kaya ran Juma'a. Kai mi ka hi shi?"

Na yi dariya, na ƙara wuta.

Ranar gwaji abokan aikina suka ce mu hau motar siminti tare, har da mai kalangu suka ɗauko. Na ce Allah ya kiyaye, zakara ba ya zuwa a bayan mota. Na hau kekena tun daga Malbaza har Ƙonni, ba ko kunu a cikina, wai don jini ya motsa.

Ma'aikacin asibitin da ke gwajin dattijo ne, kowa Majo yake ce masa. Ya kama wuyan hannuna yana duban agogonsa, ya ɗago ya dube ni.

"Samari, kura ta biyo ka?"

"A'a, Baba, ƙarhi ne."

"To. Hau mu gani."

Keken nan ba irin nawa ba ne. Akwai wata igiyar fata da ke matse tayar, Majo yana ƙara ɗaure ta a hankali. Ga mutanenmu sun cika taga, kalangu yana kirana da sunan kakana. Minti ɗaya na ji kamar cikin yashin gulbi nake tuƙi. Minti biyu na fara ganin Majo ya zama biyu. Don kada a ce na gaza, na miƙe tsaye a kan feda. Abin da ban lura ba shi ne sati ukun nan sun cinye ƙuguna. Gajeren wandon da na ɗinka musamman saboda ranar ya sulale har gwiwa, ya harɗe ni, na tafi gefe ɗaya kamar buhun gero. Abu na ƙarshe da na ji shi ne kalangu ya yi shiru a tsakiyar kirari.

Da na farfaɗo na tarar an rufe taga, an lulluɓe ni da farar rigar Majo, shi kuma yana zaune da kwanon fura a hannu. Wallahi na fi son a ce ban farka ba. Na fara kuka, ina ba shi haƙuri (har yau ban san laifin me na roƙa ba).

"Sha," in ji shi. "Kwana nawa ka huta kahin ka taho?"

Na faɗa masa gaskiya, har da bulo. Bai yi dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana rawa.

"Zuciyarka lahiya lau take, kai ne ba ka tausayinta. Da ka kai Tawa haka, a hanya za a tsince ka. Sati biyu kada ka taɓa keke."

Sannan ya fita wurin mutanenmu, ina jin sa ta bayan ƙofa: "Ni na hana shi, ya zo da gajiya. Wanda kuma ya ga wani abu ta taga, bai gani ba." Ba su fasa tsokanata ba, shekara guda ana ce mini Mai Wando, amma maganar dattijon ta rage mata kaifi. Ban je Tawa ba. Na koma gida a bayan motar simintin da na raina, keke a gefena.

Majo ya daɗe da rasuwa, kuma har gobe ina sa shi a addu'a, don ya rufa mini asiri da rigarsa, ya kuma koya mini cewa hutu ma cikin shiri yake. Bulo biyun kuwa Inna ta ɗauke ta ɗora randarta a kai. Ta ce sai yanzu suka sami mai hankalin zama.