Ranar da Aka Buɗe Lissafina a Majigi

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran tunanina, da wata Laraba a ɗakin taron sashenmu a nan Zuru.

Ni malamin aikin gona ne a jami'a. A aikinmu yanzu ba a tambayar takardu nawa ka wallafa kawai, sai an duba sau nawa wasu masu bincike suka ambaci aikinka a nasu rubutun. Akwai shafin intanet da ke ƙirga wannan, kuma kwamitin ƙarin girma yana leƙawa. Nawa ya tsaya a goma sha tara kamar an kafa masa ƙusa.

Ofis ɗaya muke da Dakta Rifkatu, 'yar wani tsohon soja daga Rikoto. Na riga ta fara aiki da shekara shida, amma bincikenta kan ƙwarin da ke cin wake a rumbu ya haura ambato ɗari biyu. Kullum da safe, kafin in duba nawa, nata nake fara buɗewa (ban taɓa gaya wa kowa wannan ba sai yau). In na ga ya ƙaru, kokon safe ma ba ya min daɗi. Ita kuwa ta shigo ta ajiye jakarta, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi yara. Gaisuwar ma haushi take ba ni. A raina na gama yanke hukunci cewa kanta take ambata a takardunta, shi ya sa lissafin ke hawa. Ban bincika ba, don ba na son in tarar ba haka ba ne.

A shekarar gurbin ƙarin girma ɗaya ne, mu biyu muka nema. Shugaban sashe ya tara mu, ya haska shafin kowa a majigi. Da aka zo kan nata aka yi tafi. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Na gyara hula, na ce bai kamata a ruɗu da yawan lamba ba, domin akwai masu ambaton kansu da kansu (ban kira suna ba, amma kujerarta nake kallo).

Shugaban ya gyaɗa kai. "Shawara mai kyau, Malam. Tunda kai ka kawo ta, bari mu fara da naka."

Ya danna. Cikin goma sha taran, goma sha biyar ni ne na ambaci kaina. Ya karanto su ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Uku kuma na ƙanin matata ne da ke digiri na biyu a Sakkwato, wanda bincikensa kan kiwon kaji ne, nawa kuwa kan zaizayar ƙasa a gonakin kan tudu. Wani a baya ya tambaya ko kajin ne ke zaizaye ƙasar. Har masinja sai da ya fita waje ya yi dariyarsa.

Saura ɗaya. Na ɗago kai, na ce wannan dai wani farfesa ne daga kudu, ban ma san shi ba. Shugaban ya buɗe takardar, sunayen marubutan suka fito gaba ɗaya. Ta huɗu Rifkatu ce.

Ta ce a hankali, "Ni na sa a saka, Malam. Aikin naka yana da kyau. Surukina ya jera duwatsu a gonarsa ta Dabai yadda ka rubuta, bana ruwa bai kwashe masa dawa ba."

Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Aka buɗe nata, ambaton kanta bai kai yatsun hannu ɗaya ba. Na hau babur ɗina har gida ban tsaya gaisawa da kowa ba. Da na ba matata labari, abin da ta fara tambaya shi ne ko an kira sunan ƙaninta.

Rifkatu ta sami ƙarin girman. Na je na yi mata murna. Na dai koyi cewa kafin mutum ya nemi a buɗe lissafin wani, gara ya fara buɗe nasa shi kaɗai, ya kulle ƙofa. Shafinta kuwa har yanzu ina leƙawa, amma sai bayan na gama karyawa.